Murhun Ummu Nayif

Ranar Talatar da Nayif ya yi niyyar yi wa mahaifiyarsa wayo, farar riga ce a jikinsa. Ya dawo daga jigilar safe, ya ajiye bas ɗinsa a gindin masallaci, ya leƙa gidan tsohuwar ya tarar ba ta ɗaki. Sanyin ɗakin ya buge shi har cikin haƙora. Ga murhun ƙarfe nan a tsakiyar ɗaki, an kafa shi tun makon jiya, an haɗa bututunsa ya huda bango ya fita waje, amma ko tokar bana babu a cikinsa. Har an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle mai ado an ɗora tukunyar fure a kai, sai ka ce teburin amarya.

Nayif ya ce a ransa, in ta dawo ta tarar wuta na ci, ai ba za ta zuba mata ruwa ba. Ya sauke furen, ya cusa ƙirare, ya jefa dunƙule biyu na busasshiyar tunkuzar zaitun, ya ɗiga kananzir, ya ƙyasta ashana. Abin da ya manta, shi da aka haifa a wannan ɗakin shekara hamsin da biyu da suka wuce, shi ne duk ƙarshen sanyi tsohuwar takan cusa tsumma a ramin bangon don kada tsuntsaye su yi sheƙa, kuma ba ta zare shi sai ranar da za ta hura wuta da hannunta.

Hayaƙi ya hau, ya tarar hanya a toshe, ya dawo kan mai shi. Nayif ya kama bututun ya jijjiga. Mahaɗar ta ɓalle, kunkunniyar bara gaba ɗaya ta zubo masa tun daga tsakar ka har aljihun riga. Ya fito tsakar gida yana tari yana laluben hanya.

Maƙwabcinsu Miflih, tsohon da ya ba saba'in baya, yana zaune a kan katanga yana shan hantsi. Ya ƙare masa kallo, ya kira shi da alkunyarsa ta uban Hazim, ya ce, "Abu Hazim, kai ne? Wallahi na ɗauka gindin tukunya ne ya fito shan iska."

"Kawu Miflih, in ba ka da ruwa, ka yi shiru."

Ana haka tsohuwar ta fito daga ɗakin tanderu, can bayan gida, da faifan gurasa a ka. Ta dubi hayaƙin da ke fita ta taga, ta dubi ɗanta.

"Yumma, sanyin nan zai kashe ki," in ji Nayif, don haka ake kiran uwa a wajenmu.

"Ka gama tsinke zaitun ɗinka?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

"To jibi a hura."

Ta shiga, ta kwashe wutar da shebur, ta watsar a tsakar gida, ta mayar da furen inda yake.

Sunanta Subhiyya, amma tun da ta haifi Nayif ba wanda ya ƙara kiranta da shi a ƙauyenmu, nan kan tsaunukan Ajlun, sai Ummu Nayif. Ba ta san shekarunta ba. In an tambaye ta takan ce an haife ta shekarar da dusar ƙanƙara ta karya rufin masallaci, masallacin kuwa sau uku rufinsa yana karyewa, saboda haka kowa ya zaɓi wadda ta yi masa. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, hannayenta kamar saiwar itace. Mijinta, marigayi Ukla, soja ne, yakan zo gida sau ɗaya a wata biyu ya ci ya yi barci ya koma. Ita ta yi noma, ita ta yi kiwo, ita ta yi faɗa da masu satar ɓaure, ita ta binne 'ya'ya biyu ta raini uku. Da Ukla ya yi ritaya ya dawo ya tarar gida yana tafiya sarai ba tare da shi ba, sai ya samu kujera a bakin ƙofa ya zama mai ba da rahoton yanayi, har Allah ya karɓi abinsa shekara huɗu da suka wuce.

Dokar murhu kuwa tana da tarihi, kuma duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan ya ji shi. Shekararta ta farko a gidan miji, sanyi ya sauko da wuri. Surukinta ya sa aka hura murhu alhali rabin gona ba a tsinke ba. Maza suka ce bari su ɗan ji ɗumi kafin yayyafi ya ɗauke. Aka kawo shayi, aka kawo labari, wani ya gasa dankali a toka. Kwana huɗu ana cewa gobe. A na biyar iska ta taso da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta kakkaɓe bishiyoyin tas, zaitun ya bi laka ya gangara rafi. Wannan shekarar, ita amarya aka riƙa aika da ɗan kofi gidan maƙwabta a sam mata mai. Takan ce ba yunwar ta dame ta ba. Tafiyar nan da kofi a ƙarƙashin mayafi, daga gida mai bishiya sittin, ita ce ba ta fita daga ranta ba. Da girki ya dawo hannunta ta kafa doka: ba a hura murhu a gidanta sai an sauke ƙwayar zaitun ta ƙarshe daga bishiyar ƙarshe ta wannan gida. Hujjarta ɗaya ce, namijin da ya ɗanɗana ɗumin murhu ba ya sake hawa tsani.

A hankali dokar ta tsallaka katanga. Matan unguwa suka ga tana yi musu amfani, suka riƙa duban bututun Ummu Nayif kafin su hura nasu. Ba a rasa masu ɓoye ɗan murhun gas a uwar ɗaki ba, wannan kowa ya sani kowa ya yi shiru. Amma hayaƙi a sama, wanda duk gari zai gani, ba mai fara fitar da shi kafin ita.

Bana kowa ya gama. Ruwan fari ya sauka ya wanke 'ya'yan tun tsakiyar Oktoba, an tsinke, an kai injin matsa, gidaje sun cika da ƙamshin sabon mai mai yaji a maƙogwaro. Ga Nuwamba ta yi nisa. A duk faɗin ƙauyen bishiya tara ce kawai ta rage da 'ya'ya a kanta, tsofaffin nan dogaye na gangaren rafi, kuma su ne rabon Nayif a gadon ubansa.

Nayif mutum ne da in magana tana tsinke zaitun, da ya tsinke na lardin nan kaf. Daga ƙauye zuwa birnin Irbid ba ya haɗiye miyau; ya tsokani fasinja, ya tsokani ɗan sanda, ya tsokani akuyar da ta tsallaka titi. Yakan ce ƙashin bayansa ne ke hana shi hawa tsani. Gaskiyar ita ce in ya taka mataki na huɗu sai ƙasa ta fara juya masa. Shekara uku ƙannen matarsa ke tsinke masa. Bana ɗaya ya tafi aiki garin Akaba, ɗayan ya ce shi ma Allah ya ba shi ƙashin baya.

Sai unguwa ta dawo kansa. In ya buɗe ƙofar bas da safe, tsohuwa za ta hau tana nishi, ta ce, "Abu Hazim, gwiwoyina suna gaishe ka." Mai kanti ya tambaye shi ko yana jira ne zaitun ɗin ya sauko da kansa ya shiga buhu. Nayif yana ramawa, don bai taɓa barin magana ta kwana ba, amma dariyar ta fara fita da ƙyar.

Ba sanyin ne kaɗai ke cin sa ba, har da ciki. A gidan Ummu Nayif abinci ma yana da ranarsa. Kafin wuta sai gurasa da mai da shayi, sai ɗan ƙwai in kaji sun ga dama. Ranar da aka hura murhu ake ɗora rashuf: adas, ɗan mitsitsin waken nan, da ɓarzajjiyar alkama a tukunya ɗaya, a jiƙa dunƙulen busasshen nono a dama shi a zuba, a bar su suna ɓararraka a hankali a kan murhu, a ƙarshe a soya albasa a sabon mai har ta yi ja a kwara a kai, ta yi wannan ƙarar da ke sa babban mutum ya manta da girmansa. Ba ta dafa shi a kan gas, ta ce gas ba shi da haƙuri. Daga ranar sai dankali a aljihun toka, ɓawon lemo a kan murfi yana ƙamshi, gurasar jiya a manna ta a jikin ƙarfe har ta yi ƙaras-ƙaras. Nayif yana tuƙi yana jin ƙamshin albasar nan a hancinsa, har ya wuce masu tsayar da shi.

Ranar Laraba da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce, Insaf, wadda ta yi shekara ashirin tana shugabar makarantar 'yan mata a Irbid, kuma har yau ba a sanar da muryarta cewa ta yi ritaya ba.

"Kai Nayif, na kira Yumma yanzu, sau biyu tana tari."

"Yaya, ai kowa na tari. Ni ma jiya..."

"Na ji labarin tarinka, har hoto an turo min. Saurara. Juma'a bayan an sauko zan zo. In na sha kwanar gari ban ga hayaƙi a bututunta ba, jakarta zan haɗa. Ɗakinta na nan a gyare, da na'urar ɗumi a bango dare da rana."

"Ba za ta yarda ba."

"Likita zai yarda, ƙaninka ma na kira shi ya yarda. Ba zan bar uwata ta mutu da ciwon haƙarƙari saboda tumbinka ba."

Ta kashe. Nayif ya tsaya da waya a hannu. Ya san Insaf, ba ta faɗin abu sau biyu. Ya kuma san yadda ake yi. Tsofaffi nawa aka ɗauka daga ƙauyen nan da sunan su yi sanyi a birni su dawo? A ba da kajin, a rufe ƙofa da kwaɗo, tsohuwa ta zauna a hawa na huɗu tana kallon rufin motoci, in bazara ta zo a ce ai ta saba, ƙafafunta ma ba sa son matakala. Ya tuna kullum in ya dawo jigila nan yake fara biyawa, ya sha shayi a zage shi, sannan ya wuce gidansa. Ya hango ƙofar nan da kwaɗo a ransa.

Ya koma wurinta da gudu. Ya same ta tana fitowa daga ɗakin tanderu, inda kwanan nan ta fi yini, tana gasa gurasar da ta fi ƙarfin cikin gida har tana rabar wa maƙwabta.

"Yumma, Insaf za ta ɗauke ki."

"Na ji."

"To ki hura mana! Ko ɗan hayaƙi ne, ranar Juma'a kawai. Ki ƙona takarda ma ya isa."

"In yi wa 'yata ƙarya da hayaƙi?"

"To in kawo miki na gas."

"Ka kai wa zaitun ɗinka, su ke kwana a waje."

Ta ɗan yi tari a gefen mayafi, ta wuce. Tarin nan ya bi Nayif har mota.

Ya zaga gari neman masu tsinka. Wanda bai tafi injin matsa ba ya tafi biki, wanda ke gida ya ce kafaɗarsa ta gama aikin bana. Ya zauna a bas, ya fito, ya koma ya zauna. Ya dubi yamma, ga gizagizai sun fara taruwa can ƙasa-ƙasa, baƙaƙe, irin waɗanda ubansa kan duba daga kujerarsa ya ce kwana biyu ko uku. Bayan azahar ya miƙa wa wani direba makullin bas, ya saɓa tsani ya gangara.

Matarsa Nawal ta shimfiɗa buhuna a gindin bishiyar farko. Miflih ya biyo su da sandarsa, wai ya zo kallo, ya ƙare da riƙe tsani.

"Hau mana. Na huɗu ke nan. Ka daina kallon ƙasa, ba abin da ka yar."

"Kawu, tsanin nan rawa yake."

"Tsani lafiyarsa ƙalau, ƙafafunka ke kaɗa ganga."

Nayif ya rungume reshe kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Ya ce a miƙo masa doguwar sanda ya kakkaɓe su daga nan. Nawal ta ce ya manta gonar wa yake? A gonar Ummu Nayif ba a dukan zaitun, tatsarsa ake yi da hannu, reshe-reshe, kamar nonon akuya. Wanda aka doka bana ba ya haihuwa baɗi. Ya rufe ido ɗaya ya fara tatsa. 'Ya'yan suka riƙa zuba a kan buhu, ɓaɓɓaɓ, kamar farkon ruwa. Ranar bishiya biyu suka yi, Nayif bai yi wa kowa ba'a ba ko sau ɗaya, abin da Miflih ya ce shi kaɗai ya isa a yi sadaka.

Alhamis tun da sassafe suka koma. Iska ta fara kaɗawa, mai sanyi, tana ɗaga gefen buhuna sai an danne da duwatsu. Yatsun Nayif suka tsage, ganye ya shiga idonsa, reshe ya yaga masa wando a inda ba a faɗa. In ya tatsi reshe biyu sai ya dubi yamma, ya dubi gidan uwarsa can sama da bututunsa shiru, ya ƙara sauri. Wajen la'asar ya lura ya kai mataki na tara bai sani ba. Da ya sani sai ƙasa ta juya, ya ƙanƙame, ya yi salati da ƙarfi har karnukan tsallaken rafi suka amsa. Bishiya huɗu suka yi ranar. Saura uku, kuma su ne manyan.

Juma'a ya yi sallah a sahun baya, kusa da takalma, liman na sallamewa ya fice. An gama tsinke biyu kafin sallah, saura babbar, wadda aka ce ta girmi ƙauyen. Yana can ƙololuwarta ya hango farar motar Insaf tana shan kwana. Ta tsaya cak a daidai inda ake hango bututun. Sannan ta ci gaba a hankali.

Ba a yi rabin sa'a ba sai ga ta tana gangarowa da takalmin birni, tana zamewa tana kama ciyawa.

"Na haɗa jakar," ta ce daga ƙasa. "Tana bakin ƙofa. Na zo ne in gaya maka a fuskarka, sai dai ban ga fuskar ba. Wane ne wancan a sama?"

"Ɗan'uwanki ne, Yaya. In na faɗo ki gaya wa Yumma rashuf nake so a yi sadaka da shi."

"Ashe kana hawa."

"Ba na hawa. Saukowa ce ban iya ba."

Ɗigon farko ya faɗo a kan buhu. Insaf ta buɗe baki za ta ci gaba, sai idonta ya sauka a kan zaitun da ya gangara wajen shimfiɗa ya shiga ciyawa. Duk wanda ya tashi a hannun Ummu Nayif ba ya iya ganin ƙwayar zaitun a ƙasa ya wuce. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki ta kusa da ita. Can sai ga shugabar makaranta a durƙushe, ta tattare gefen rigarta ta mai da shi ƙwarya, tana faɗa tana tsinta.

"Reshen hagunka, makaho! Ka bar rabinsa!"

Yayyafi ya ƙaru. Miflih ya daina ba'a ya riƙe tsani da hannu biyu. Nawal na ɗaure buhuna. Nayif ya miƙa hannu can ƙarshen reshen da ko a mafarki bai taɓa zuwa ba, ya tatso na ƙarshe, ya sauko da baya yana karanta duk abin da ya haddace. Suna ɗora buhun ƙarshe a kan jakin Miflih ruwan ya tsuge.

Tsohuwar na tsaye a ƙofa, jakarta a gefe. Ba ta ce sannu ba. Ta zura hannu a buhu, ta duba ko akwai karyayyen reshe, ta dubi Miflih.

"An bar wani abu a sama?"

"Ko na tsuntsu ba a bari ba, Ummu Nayif."

Ta shiga. Ta ɗauko wata lanƙwasasshiyar waya daga bayan ƙofa, ta zura a ramin bango, ta zaro tsumman, tsohon wandon sojan Ukla ne, ta haɗa bututu, ta sauke fure. Ashana ɗaya ta ƙyasta. Murhun ya yi gurnani, ƙarfe ya fara ƙas-ƙas. Nayif ya leƙa ta taga. Kafin tukunya ta yi zafi bututun gidan Miflih ya amsa, sai na mai kanti, sai na gaba, hayaƙi ya riƙa tashi gida-gida cikin ruwan har ƙarshen unguwa.

Adas ɗin a jiƙe yake tun safe, nonon a dame, albasa a yanke. Insaf ta ga wannan duka. Ta zauna kusa da murhu tana miƙa ƙafafunta masu laka, can ta tashi ba wanda ya ce mata komai, ta jawo jakar daga bakin ƙofa ta mayar da kayan cikin kabad.

Bayan magariba albasa ta yi ƙararta a kan rashuf. Tsohuwar ta ce Nayif ya je ɗakin tanderu ya ɗauko gurasa. Ya ruga cikin ruwa, ya tura ƙofar da rabonsa da ita tun yana saurayi. Wani ɗumi ya rungume shi, kamar an buɗe masa tsakiyar bazara. Tanderun na lulluɓe da tokar tunkuza mai kwana da zafi. Gefensa ga katifa, ga bargo biyu, ga matashi, ga butar shayi, ga carbinta a rataye a ƙusa, har da ƙaramar rediyonta.

Ya dawo da gurasa a hannu, ruwa na ɗiga daga gashin bakinsa.

"Yumma! Ashe mako uku a ɗakin tanderu kike kwana? Unguwa na karkarwa, ni ina can sama ina sallama da duniya, ke kina nan kina gasuwa kamar dankali?"

"Murhu na ce ba zan hura ba. Na ce maka zan zauna sanyi ya kashe ni?"

"To tarin fa? Tarin da ya hana ni sukuni?"

Ta zuba rashuf a kwano, ta ƙara masa albasa, ta tura gabansa ba ta ko ɗago kai ba.

"Shekara huɗu ina maka magana a kan bishiyoyin nan, ba ka ji ba. Tari biyu na yi wa yayarka a waya, ga ka a ƙololuwa. Ci ka tashi da wuri, gobe da safe za ka kai su injin."